William Allen: Mai zanen da ya adana kamannin Kogin Kwara kafin zuwan kyamara

Babbar hanyar da ta tashi daga Abuja ta ratsa Gwagwalada, ta bi ta Sheda da Kwali, ta gangara Abaji da Koton Karfe, tana kai matafiyi har Lakwaja, inda Kogin Kwara, wanda aka fi sani da Neja a yau, ya haɗu da Binuwai. Duk mai waya a aljihu yana iya tsayawa a bakin ruwa ya ɗauki hoton wannan mahaɗa cikin ƙiftawar ido. A shekarar 1833 kuwa ba a fara sana'ar ɗaukar hoto ba a ko'ina cikin duniya. Wanda yake son ya nuna wa na nesa yadda wani wuri yake, sai ya zauna da fensir da burushi da fentin ruwa ya zana shi da hannunsa.

Abin da wani hafsan sojan ruwan Birtaniya mai suna William Allen ya yi ke nan a wannan yanki. Ya shafe watanni a kan kogin yana auna zurfinsa, yana kuma zana duwatsunsa da kasuwanninsa da jiragen kwale-kwale da mutanen da ke zaune a gaɓarsa. A lokacin, tsohuwar Abuja, wato garin da ake kira Suleja a yau, ba ta wuce shekara biyar da kafuwa ba, domin a 1828 ne Sarki Abu Ja ya kafa ta. Zane-zanen Allen suna cikin mafi daɗewar hotunan tsakiyar Najeriya da wanda ya gani da idonsa ya yi. Darajarsu ta tarihi ba ta da musu. Sai dai hannun da ya zana su shi ne kuma ya zana taswirar da jiragen Turawa suka riƙa bi zuwa cikin ƙasa, kuma ba a fahimtar ɗayan aikin sai an haɗa shi da ɗayan.

Yaron Weymouth da ya tashi a teku

An haifi William Allen a farkon shekarun 1790 a Weymouth, wani gari mai tashar jiragen ruwa a kudancin Ingila. Ya shiga rundunar sojan ruwa a 1805 yana ɗan yaro, a daidai lokacin da Birtaniya ke gwabza yaƙi da Faransa ta Napoleon. A 1807 yana cikin ayarin jiragen yaƙin da suka kutsa mashigin Dardanelles na ƙasar Turkiyya, a 1811 kuma ya halarci kame tsibirin Java a ƙasar Indonesiya ta yau. Ya samu muƙamin laftanar a 1815, shekarar da aka gama yaƙin.

A wancan zamani zane ba abin sha'awa ba ne kaɗai ga sojan ruwa, wani ɓangare ne na aikinsa. Jirgin da ya tunkari gaɓar da bai sani ba yana bukatar alama: siffar wani dutse, ko tsayin wani tudu, ko bakin wani kogi. Saboda haka hafsoshi kan zana yadda gaɓa take idan an hango ta daga teku, a maƙala zanen a jikin taswira domin amfanin na baya. Kuskure kaɗan a irin wannan zane yana iya kai jirgi kan dutse, don haka aikin yana koya wa mai shi lura da kiyaye gwargwado.

Fentin ruwa shi ne ya fi dacewa da matafiyi. Fentin mai yana bukatar ƙyalle mai kauri da kayan aiki masu nauyi, kuma yakan ɗauki kwanaki bai bushe ba. Na ruwa kuwa 'yan dunƙulen launi ne a cikin ƙaramin akwati, sai takarda da burushi da ɗan ruwa a kofi, kuma yana bushewa nan take. Amma yana da wuyar sha'ani, domin hasken zanen daga farin takardar yake fitowa, kuma launin da aka shafa ba ya goguwa yadda ake so. Dole mai zane ya san abin da zai yi tun kafin burushinsa ya taɓa takarda. Allen ya ƙware a wannan fanni har ya wuce bukatar aikin soja, domin tsakanin 1828 da 1847 an riƙa baje kolin zane-zanensa na shimfiɗar ƙasa da na teku a Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta birnin Landan.

Jirgi mai suna Albarka

Shekaru da dama Turawa suna gardama kan inda Kogin Kwara yake ƙarewa. Mungo Park ya halaka a Busa yana neman amsar. Hugh Clapperton, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya sake dawowa ya rasu a kusa da Sakkwato a 1827. Baransa Richard Lander, wanda ya bi shi har Zariya da Kano da Sakkwato, shi ne ya dawo tare da ƙanensa John a 1830, suka shiga kwale-kwale daga Busa suka bi ruwa har suka fita teku. Labarin ya girgiza 'yan kasuwar Ingila, domin sun ga cewa an sami hanyar ruwa da za ta kai hajarsu kasuwannin cikin ƙasa ba tare da dillalan bakin teku ba.

Wani matashin ɗan kasuwa mai suna Macgregor Laird, wanda danginsa ke ƙera jiragen ruwa a kusa da Liverpool, ya haɗa kai da wasu attajirai suka shirya tafiya a 1832. Suka tanadi jirage biyu masu aiki da tururi. Babban suka sa masa suna Quorra, wato Kwara. Ƙaramin kuma suka kira shi Alburkah, wato kalmar nan ta Hausa, albarka, da lafazin Bature. Tsawonsa ƙafa 70 ne, nauyinsa tan 55, an kuma ƙera shi da ƙarfe, kuma shi ne jirgin ƙarfe na farko da ya yi doguwar tafiya a kan babban teku. Richard Lander ne jagora. Hukumar sojan ruwa kuwa ta nemi a ba hafsanta guda gurbi domin ya auna kogin ya zana taswirarsa. Wannan hafsa shi ne Laftanar Allen.

A cikin ayarin akwai wani dattijon Bahaushe, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. An sayar da shi bawa, sojan ruwan Birtaniya suka kuɓutar da shi a teku, ya yi musu aikin jirgi, daga baya ya zama tafintan Clapperton da na Lander. Irinsa ne suka riƙa buɗe wa baƙin baki a fadoji da kasuwanni, domin Hausa ta riga ta zama harshen ciniki a wurare da yawa na gaɓar kogin. Shi ma bai ga ƙarshen wannan tafiya ba, a cikinta ya rasu.

Jiragen sun shiga bakin kogin a watan Oktoba na 1832, ruwa ya riga ya fara janyewa. Kafin su kai mahaɗar Kwara da Binuwai zazzaɓi ya faɗa musu, ya riƙa ɗaukar ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Babban jirgin ya kafe a kan yashi, ba shi gaba ba shi baya, sai da damina ta dawo ruwa ya ɗaga shi. Cinikin hauren giwa da suka ƙwallafa rai a kai bai yi armashi ba. Wannan dogon zama na dole shi ne ya ba Allen damar kallon yankin a tsanake, ya zana shi ta fuskoki daban-daban.

A watan Agusta na 1833, bayan ruwa ya cika, Lander da Allen da likitan ayarin, Richard Oldfield, suka shiga Alburkah suka haura Binuwai kimanin mil 100, suka juyo saboda ƙarancin abinci. Daga nan suka fuskanci arewa a kan Kwara, suka wuce bakin Kogin Gurara, wanda ke ratsa yammacin Birnin Tarayya na yau, suka wuce Egga, suka isa Raba ta ƙasar Nufe a watan Satumba. Raba a lokacin babban birni ne na ciniki a hannun zuriyar Malam Dendo, ɗansa Usman Zaki ne ke kan gaba. Nan ce iyakar tafiyarsu.

Asarar rayuka ta yi yawa. Cikin Turawa 48 da suka fito, 39 sun mutu. Lander kansa an harbe shi a yankin bakin kogin a watan Janairu na 1834, ya cika a tsibirin Fernando Po, wanda ake kira Bioko a yau, a watan Fabrairu. Allen yana cikin mutum tara da suka tsira, ya koma Ingila da littattafan awonsa da tarin zane-zanensa.

Abin da ke cikin zane-zanen

Aikin farko da ya fito daga hannunsa shi ne taswirar kogin daga Raba zuwa teku, haɗe da ɗan abin da suka gani na Binuwai, wadda hukumar sojan ruwa ta buga. An yi ta ne da kamfas da igiya mai darma a baki wadda ake jefawa cikin ruwa domin sanin zurfi, ana rubuta kowace kwana da kowane tsibiri da kowane tudun yashi. A 1836 aka ƙara masa girma zuwa kwamanda.

A 1840 kuma aka buga zaɓaɓɓun zane-zanensa a Landan cikin wani littafi mai suna Picturesque Views on the River Niger, ma'ana kyawawan wuraren kallo a Kogin Neja. An buga su ne ta hanyar bugun dutse, dabarar da wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya ƙirƙiro a 1796. Ana kwafar zanen da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, a shafa tawada. Tawadar takan kama inda maiƙo yake kaɗai, ta guje wa inda ruwa yake, sai a danna takarda a kai hoton ya fito. Ta haka zane guda yakan zama ɗaruruwa.

A cikin littafin akwai gangaren duwatsun Ida, mazaunin Attah na Igala, da suka miƙe tsaye a bakin ruwa. Akwai manyan jiragen kwale-kwale na 'yan kasuwa a kusa da kasuwar da Turawan suka rubuta da sunan Bokweh, wadda ke haɗa fataken kudu da na arewa. Akwai dogon zanen mahaɗar koguna biyun, da Dutsen Patti da ke kallon inda Lakwaja take a yau, da birnin Raba daga kan ruwa. Bai tsaya ga duwatsu da ruwa ba. Ya zana wani sarki yana yanke shari'a a ƙofar fadarsa jama'a na zazzaune, ya zana cikin gidan wani babban malami, ya zana zaman shawara tsakanin baƙi da masu gari. Mai lura zai ga fasalin riguna da rawuna, da yadda ake jinkar ɗaki, da yadda ake jera kaya a cikin jirgi.

Abin da ya ƙara wa waɗannan hotuna muhimmanci shi ne yadda yankin ya sauya jim kaɗan bayan an zana su. Rikicin sarauta tsakanin Usman Zaki da ɗan'uwansa Masaba ya ci birnin Raba cikin shekarun 1840, daga baya hedikwatar Nufe ta koma Bida. Garin Adda Kudu da ke kusa da mahaɗar, wanda ayarin farko ya tarar da shi cike da jama'a, kufai aka iske a wurinsa a 1841. Panda, birnin Igbira da Laird ya ziyarta a 1833, ita ma yaƙi ya rushe ta a farkon shekarun 1850. Wato Allen ya ga wata duniya ce da ke gab da shuɗewa, ba tare da ya san haka ba.

Komawa ta biyu: tafiyar 1841

Ba a banza aka buga littafin a 1840 ba. A wannan shekara ce masu fafutukar hana cinikin bayi, ƙarƙashin jagorancin Thomas Fowell Buxton, suke neman goyon bayan jama'a domin a aika ayari na gwamnati zuwa Kwara. Ra'ayinsu shi ne, idan aka ƙulla yarjejeniya da sarakuna, aka kuma buɗe cinikin auduga da manja da sauran amfanin gona, sayar da mutane zai mutu da kansa. A ranar 1 ga Yuni, 1840, aka yi babban taro a Landan wanda Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya shugabanta. Hotunan kogi mai faɗi da kasuwanni masu cika sun zo daidai da abin da masu wannan kira suke son jama'a su gani.

Gwamnati ta ƙera jirage uku: Albert, ƙarƙashin shugaban ayarin Kyaftin Henry Trotter, da Wilberforce, wanda aka danƙa wa William Allen, da Soudan, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Bird Allen. Da yake likitocin zamanin sun ɗauka cewa gurɓatacciyar iskar fadama ce ke kawo zazzaɓi, sai aka saka wa jiragen wata na'ura ta tace iska. Babu wanda ya zargi sauro. Sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa shi ne ke yaɗa cutar.

Ayarin ya shiga kogin a watan Agusta na 1841. Suka ƙulla yarjejeniya da Obi Ossai na Aboh, sannan da Attah na Igala a Ida, wanda ya sayar musu da fili a kusa da mahaɗar kan kuɗin wuri 700,000 domin kafa gonar gwaji. Ba su jima da sauke kayan gonar ba zazzaɓi ya sake ɓarkewa. Kafin ƙarshen Satumba aka juya Soudan da Wilberforce zuwa teku ɗauke da majinyata. Albert ya daure har Egga, shi ma ya juyo da ƙyar. Cikin Turawa kimanin 145, fiye da 40 sun mutu, har da Bird Allen. A shekara mai zuwa aka kwashe mutanen gonar, aka rufe ta.

Duk da haka tafiyar ta bar abin da ya shafi harshen Hausa kai tsaye. A cikin jirgin Allen ne wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, ya fara tafiyar, abokin aikinsa Samuel Ajayi Crowther kuma yana cikin Soudan. Schön ya ga yadda Hausa ke shiga ko'ina a bakin kogin, ya duƙufa kan nazarinta. A 1843 ya buga littafin kalmomin Hausa, a 1862 ya buga nahawunta, a 1876 kuma ya fitar da ƙamus. Waɗannan suna cikin tushen rubutun Hausa da baƙaƙen boko.

An ba Allen muƙamin kyaftin a 1842, kuma a wannan shekara ya binciki gaɓar Kamaru kafin ya koma gida. A 1848 shi da likita Thomas Thomson suka buga labarin tafiyar cikin juzu'i biyu, tare da zane-zane. Marubucin nan Charles Dickens ya yi sharhin littafin a wannan shekara, inda ya yi wa waɗanda suka shirya tafiyar ba'a mai zafi saboda rayukan da aka salwantar.

Kunne mai ji, da hasashen da bai tabbata ba

Allen ba ido kaɗai gare shi ba, yana da kunnen kiɗa. A cikin littafin na 1848 ya ba da labarin wani matuƙin jirgi ɗan yankin Kamaru, wanda Turawan ke kira Glasgow, da ya tsaya cak yana sauraron ganga daga nesa, ya kuma bayyana musu saƙon da ake aikowa. Allen ya bincika, ya gane cewa mutanen yankin suna isar da magana daga gari zuwa gari da ganga cikin ɗan lokaci. Ga Bahaushen da ya san yadda kalangu ke kiran sunan mutum ya yi masa kirari, wannan ba abin mamaki ba ne. Ga Bature a wancan lokaci kuwa, da wayar tangaraho ke jaririya, babban labari ne, kuma bayanin Allen yana cikin na farko-farko da Turawa suka rubuta kan ganga mai magana.

Ba duk hasashensa ne ya tabbata ba. A 1838 ya gabatar wa ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan wata maƙala da ke nuna yiwuwar cewa Binuwai daga Tafkin Chadi yake fitowa. Bincike na baya ya nuna cewa daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru yake tasowa. Bayan ya yi yawo a ƙasashen Sham da Falasɗinu, ya buga wani littafi a 1855 yana ba da shawarar a haƙa hanyar jiragen ruwa daga Bahar Rum, ta bi kwarin Kogin Urdun da Mataccen Teku, ta fita Bahar Maliya, domin a gajarta tafiya zuwa Indiya. Ba a bi shawararsa ba, mashigin Suwez aka haƙa, aka buɗe shi a 1869. Allen bai ga wannan rana ba. Ya kai muƙamin riya admiral a 1862, ya rasu a garinsu Weymouth ranar 23 ga Janairu, 1864.

Yadda ya kamata a karanta irin waɗannan hotuna

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma ba kowane tsohon hoto ne aka yi shi da gani ba. Shahararren hoton birnin Kano daga kan Dutsen Dala, wanda ke cikin littafin Heinrich Barth da aka buga tsakanin 1857 da 1858, misali ne. Barth ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, ya yi ɗan zanen abin da ya gani. Wanda ya mai da shi cikakken hoto mai launi shi ne Johann Martin Bernatz, wani mai zane Bajamushe da ya yi tafiya zuwa Falasɗinu da Habasha, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Duk abin da Barth bai zana ba, sai dai Bernatz ya cike shi da bayanin da aka yi masa da kuma abin da ya saba gani a wasu ƙasashe. Fifikon Allen shi ne cewa shi ya tsaya a wurin, shi ya auna, shi ya zana.

Amma ko nasa zanen ya bi ta wasu hannuwa kafin ya kai ga mai kallo, domin masu bugun dutse a Landan ne suka kwafe shi, kuma masu sayen littafi a lokacin suna da irin kyan da suke so: ruwa a kwance, itatuwa a gefe, duwatsu can nesa cikin hazo. Sunan littafin kansa ya nuna cewa abin da ya yi kyan kallo aka zaɓa. Mai duba shafukansa ba zai ji zafin zazzaɓin da ya kashe mutum 39 ba, ba kuma zai ga zullumin garuruwan da hare-haren kamen bayi suka hana barci ba.

Akwai kuma batun suna. A cikin taswira da zane-zanen ayarin an laƙaba wa wurare sunayen manyan Ingila. Wani tsibiri ya zama na Beaufort, shugaban sashen taswirar teku na sojan ruwa, wasu duwatsu suka zama na Rennell, wani masanin labarin ƙasa. Alhali kowane dutse da kowane tsibiri yana da sunan da masu wurin suka san shi da shi. Wanda ya tsira shi ne Patti, kuma kalmar a harshen Nufanci tana nufin dutse ne kawai. Haka nan yawancin mutanen da ke cikin hotunan, masu tuƙi da mata 'yan kasuwa da fadawa, an adana kamanninsu ba a adana sunayensu ba.

Taswirar kuwa ta yi aikin da aka yi ta dominsa. Ita ce ta yi wa ayarin 1841 jagora. A 1854 jirgin Pleiad, ƙarƙashin likita William Baikie, ya bi wannan hanya ya haura Binuwai, ma'aikatansa suna shan kwinin kullum, aka dawo ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Daga nan ƙofa ta buɗe. Baikie ya zauna a Lakwaja, kamfanonin ciniki suka biyo baya, kamfanin Royal Niger ya samu izinin mulki a 1886, a ranar 1 ga Janairu, 1900 kuma Frederick Lugard ya ɗaga tutar Birtaniya a Lakwaja, a gindin dutsen da Allen ya zana shekaru 67 kafin nan. Allen bai shirya wannan ba, kuma a rubuce-rubucensa mai ƙin cinikin bayi ne, amma awon da ya yi yana cikin tubalan da aka ɗora ginin a kai.

Wajibi ne kuma a tuna cewa kogin ba ɓoyayye ba ne ga masu shi. Nufawa da Kakanda da Igala sun daɗe suna hawa da sauka a kansa, fataken Hausa sun san mashigansa a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. A 1824 an ba Clapperton taswirar ƙasashen Sudan da kogin a fadar Sarkin Musulmi Bello, aka kuma buga ta a Landan a 1826, shekaru shida kafin Allen ya ga ruwan Kwara. Abin da baƙon ya kawo sabo shi ne awo irin na masu jiragen tururi, da hoto irin wanda na'urar bugu za ta iya yaɗawa.

Saboda haka masu nazarin tarihi ba sa ɗaukar zanen Allen shi kaɗai a matsayin hujja. Suna ajiye shi gefe da gefe da tarihin baka na masarautun Ida da Bida da Koton Karfe, da rubuce-rubucen malaman Sakkwato da Gwandu, da abin da masu tonon kayan tarihi suka samo a kufai. Inda suka dace, hoton yakan ba labarin fuska. Inda suka saɓa, saɓanin kansa yakan nuna abin da baƙo ya gani da abin da ya tsallake. Littattafan Allen sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, kuma wasu ɗakunan karatu na ƙasashen waje sun ɗora su a intanet. Ɗalibin da ke Sheda ko Kwali, wanda kakannin kakanninsa suka yi zamani da Alburkah, yana iya buɗe su a wayarsa ya kwatanta Dutsen Patti na 1833 da wanda zai tarar idan ya bi hanyar Lakwaja, ya kuma tambayi dattawan bakin kogi sunayen da taswirar ba ta rubuta ba.